Kejin Sarauniya

Warrick Dunnage ne ya fara ganin ɓarnar, ran Laraba da safe, da ya je zagayen tumakinsa a bakin daji. Kafin rana ta take duk Mullagin ta ji, kafin ta faɗi an gama shari'a. Haka garinmu yake. Gidan mai ɗaya, kantin takalma ɗaya, alƙalai kuwa kowane gida da nasa.

An cire Sarauniya.

Fure ce, kara ɗaya siriri da bai fi tsawon cokali ba, shunayya da ɗigon ruwan zinariya. Ba ta buɗewa sai rana ta yi zafi, gajimare na giftawa ta rufe fuska. Doka ta hana a taɓa ta. A duk yankinmu ita kaɗai ta rage, cikin wani ɗan daji a gonar Warrick, kuma ban da shi ba wanda ya san wurin sai mu 'yan ƙungiyar masu ɗaukar hoto. Muna da ƙa'idoji. Ka fesa wa takalminka sifirit a bakin ƙofa saboda cutar saiwa. Ka taka sawun na gabanka don kada ka murƙushe wani tsiro. Ka ɗaga kejin wayar da ke kare ta daga kangaru, ka ɗauki hotonka, ka mayar da keji. Sabon shiga ba a kai shi wurin sai wani ya tsaya masa.

Ni na tsaya wa Marisol Abenoja. Nas ce daga ƙasar Filifin, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ita ce ta yi jinyar matata Glenys har ƙarshe, lokacin da ƙawayen Glenys na shekara arba'in suka koma aiko da kati. Takardar neman zamanta na dindindin tana hannun hukuma. Laifi ɗaya a kotu, ko na fure ne, ya isa a nuna mata hanyar filin jirgi.

Warrick ya ga jar motarta a bakin ƙofar gona ran Talata. Ya ce yana askin tumaki, ba shi da lokacin zaman jiran waya, amma ran Litinin zai kira hukumar gandun daji ya ba su suna. Ya bar mana zuwa shayin ƙungiya na ran Lahadi mu kawo masa wani suna, in akwai.

Na kasa zama. Na buɗe littafi na rufe, na ɗora ruwa na manta da shi. Ina tsaye a tsakar ɗaki da hula a hannu na ji hon ɗin mota.

"Mijin yaya, za ka fito ko in shigo in same ka da gajeren wando?"

Noelene Tully ce, ƙanwar Glenys. Shekara talatin tana bin sawun yanyawa da muzuran daji a gonakin mutane. Tana cikin ƙungiyarmu saboda kek, don ba ta taɓa ɗaukar hoton mutum da kansa cikakke ba.

"Ina karatu," na ce.

"Tun da aka binne yayata kake karatu. A littafin naka mai kula da lambu ne ya yi kisan, na hutar da kai. Shigo mota."

*

Iska tana ta kaɗa alkama da muka isa. Noelene ba ta bi hanyarmu ba, ta zaga ta gefe tana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, ta hana ni matsowa.

"Dubi nan," ta ce. "Dukanku takalmi iri ɗaya daga kanti ɗaya, kuma kowa ya ɗora ƙafa a kan ta wani. Kun taru kun ƙirƙiro hanyar ɓatar da sawu, kun sa mata suna tarbiyya."

An yi ruwa ran Litinin ya wanke yashin, don haka duk abin da ke kai na Talata ne. Kejin yana nan daram, an soke turakunsa yadda ya kamata. Ta zare su ta ajiye shi gefe. A gaban guntun karan akwai alamar mutum ya kwanta rub da ciki, da ramin gwiwar hannu biyu. Kowa haka yake kwanciya in zai ɗauki hoton Sarauniya. Amma dab da karan akwai wani rami mai kusurwa, mai zurfi, kuma daga cikinsa ta tono ɗan ɓallin baƙar roba.

"Wannan ba ajiye kyamara aka yi ba, faɗuwa ta yi. Kuma gindinta ya fi na kyamara faɗi. Mariƙi ne."

Mariƙi ƙarin gindi ne da ake ɗaura wa kyamara daga ƙasa. Yana ɗaukar batir biyu, yana ba ɗan ƙaramin yatsa wurin zama, kuma yana da nasa maɓallin a gefe, don in ka juya kyamara tsaye ba sai ka murɗe wuyan hannu ba. A ƙungiyarmu mutum biyu ke da shi. Clive Brennock, shugaba, da Marisol.

Noelene ta cire min tabarau daga hanci ba tare da ta tambaya ba, ta durƙusa ta duba guntun karan da shi.

"Ba almakashi ba ne. Ba farce ba ne. Zomo yana yanka a karkace, tsaf kamar reza. Wannan a tattaune yake."

"Kangaru ke nan."

"Kangarun da ya ci ya ƙoshi, ya mayar da keji, ya soke turaku? In ka gan shi ka sa shi a kwamiti, ya fi Clive."

Ta daɗe tana kallon karan, tana sosa haɓa. Ni ina ta kai da komo a kan ɗan dutsen da ta yarje min.

*

Clive tsohon dillalin tarakta ne, kuma har yanzu yana magana kamar zai sayar maka da abin da ba ka tambaya ba. Ran Lahadin da ta wuce ya nuna mana hoton Sarauniya a buɗe, bayanta baƙi ƙirin. Wasu sun fara raɗa cewa irin wannan baƙin sai a ɗakin girki, an tsinko fure an kafa shi a kofi. Na so raɗar nan ta zama gaskiya fiye da yadda na so abinci a makon.

"A kicin?" Clive ya yi dariya har da riƙe ciki, da muka je muka tambaye shi. "Des, aboki, shekara nawa ina koya muku? Ka tsuke ƙofar hasken kyamara, ka kawo fitilar kyamara kusa da fure, ta gefe, kada ta gaba. Fitila ta haska fure, ba ta kai ga daji ba, baya ya mutu. Ko da tsakar rana ne." Ya ɗauko fitilarsa, an kifa mata farar robar yogot a baki. "Wannan ke tausasa hasken. Ku da kuke harba fitila kai tsaye, furenku sai ya fito kamar wanda 'yan sanda suka kama."

Ya buɗe mana hoton a kwamfuta yadda yake kafin ya datse gefensa. Ga ƙafar keji a kusurwa, ga yashi, ga tururuwa. Noelene ta karɓi kyamararsa ta juya gindin. Mariƙin yana sheƙi, ko ƙwarzane babu.

"Goge shi kake yi kafin ka kwanta?"

"Kaya sai da kula, Noelene." Ya karɓe abinsa. "Ni fa ban ce komai a kan kowa ba. Yarinyar tana da ladabi. Amma mu shekara da shekaru muna zuwa wurin nan, ko ganye bai ɓata ba. Bana aka kawo baƙuwa. Lissafi kawai nake yi."

"Bana ka sayi sabuwar mota ma," na ce. "Ka sa ta a lissafin."

Bai ji ba. Clive ba ya jin abin da bai yi kama da yabo ba.

*

Mun sami Marisol a bayan gidan tsofaffin, wajen igiyar shanya, tana cin shinkafa a tsaye cikin ɗan hutunta. Tun Laraba mata biyu sun ce ba sa so ta sake yi wa iyayensu wanka.

"Malam Des, ka rame. Ba ka cin abin da na bar maka a firji."

"Ke muka zo tambaya, ba ni ba."

Noelene ta nemi ganin mariƙin. Marisol ta je mota ta ɗauko shi daga aljihun gaba, shi kaɗai, ba kyamara. Kusurwarsa a fashe. Noelene ta ɗora ɓallin robar a wurin, ya zauna kamar an haife shi a can.

"Ya faɗi," in ji Marisol.

"Na sani, ƙanwata. Daga hannun wa?"

Zanen gado yana ta bugun iska a tsakaninmu.

"Kin je gonar ran Talata?"

"Na je."

"Kin ɗauki hoto?"

"A'a."

"To me kika yi?"

"Na mayar da keji. Na same shi a gefe, na mayar. Malam Des ya ce ba a barin wurin keji a buɗe, ko gobara ake yi."

"Da kika mayar, furen yana nan?"

"Ban duba ba, Anti Noelene. Sauri nake yi."

"Saurin me?"

Ta rufe robar shinkafarta. Na matsa kusa da ita na ce, "Marisol, kin san abin da Litinin za ta jawo miki. Ɗanki yana can Filifin yana jiran ki ɗauko shi."

"Na sani." Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta motsa ba. "Aikina ke nan, Malam Des. Mutane suna nuna min abin da ba sa so 'ya'yansu su gani. Da Madam Glenys ma akwai abin da ba ka sani ba, kuma ba za ka sani ba."

Ƙararrawa ta yi ƙara a ciki. Ta gyara almakashin da ke leƙowa daga aljihun rigarta ta wuce.

A mota na ce, "Wani take rufa wa asiri."

"Kai, karatun nan naka yana da amfani ashe."

"Ko kuma ita ce, ni ne sakaran da ya kai ta."

"Wannan na biyun rabinsa gaskiya ne ko ba ita ba ce," in ji Noelene, ta tayar da mota.

*

Beryl Stokoe ce ta gano Sarauniya tun ina sabon malami a makarantar garin. Ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a gidan da mijinta ya gina, tana tuƙa kanta ko'ina. Ɗanta Graeme yana birnin Perth, kuma duk Kirsimeti sai ya zo da hotunan ɗakunan gidajen tsofaffi masu kyau, da ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ita ta rubuta ƙa'idojin ƙungiya. Ita ce kuma ta taɓa cewa mariƙi na mazan da ba su yarda da girman hannunsu ba ne, a gaban Clive. Mun je wurinta ne don ta roƙi Warrick ya sassauta, ita kaɗai yake jin kunya.

Mun same ta a kujera, hannayenta cikin aljihun rigar sanyi.

"Desmond, zuba shayin, ka yi amfani ko sau ɗaya a rayuwarka. Noelene, zauna, kina sa ni jiri."

Noelene ba ta zauna ba. Ta shiga kicin neman biskit, muna jin tana buɗe-buɗe.

"Yarinyar kirki ce," in ji Beryl. "A bar maganar ta mutu mana. Fure ne. Saiwar tana ƙasa, baɗi ta sake fitowa in ta ga dama."

"Ke kike faɗin haka? Ke da kika kori mutum daga ƙungiya don ya karya ciyawa ɗaya da ta tare masa hoto?"

"Na tsufa, na yi laushi."

"Warrick bai yi laushi ba. Litinin zai ba da sunanta. In an kai ta kotu, sai ta bar ƙasar."

"Tara za su ci ta kawai."

"Ke za su ci tara, Beryl, ko ni. Ita korarta za a yi."

Ta juya tana kallon taga. Shayinta yana ta hucewa a gabanta, ba ta taɓa shi ba har muka tashi.

Noelene ta tuƙa mu har bayan gari. Sannan ta tsaya a gefen titi, ta zaro wani abu daga aljihu ta ɗora min a cinya. Ledar biskit ce, bakinta a yage.

"Duba da kyau."

Alamar haƙora ce a jikin ledar.

"Ledar shayi haka. Murfin madara haka. Marfin biro, ledar magani, har igiyar buhun abincin kyanwa. Kicin ɗin nan duka da baki ake buɗe shi, Des. Marisol tana yawo da almakashi a aljihu, Clive yana da wuƙa a maƙale da makullinsa, kai kana da farce kamar shaho. Wa zai kai bakinsa ƙasa ya ciji kara, in yatsunsa suna aiki?"

Ta juya motar muka koma gonar. Wannan karon ba ta dubi furen ba, ta ba shi baya. Daga inda aka kwanta, wani faffaɗan jan jiki ya bi ƙarƙashin ganyaye zuwa gindin wata bishiya. Ta ce da farko ta ɗauka wata dabba ce ta ja ciki, shi ya sa ba ta bi ba. Yanzu ta ɗaga ganyen da tsinke. Gwiwa, gwiwar hannu, gwiwa, gwiwar hannu. Babu tafin hannu ko ɗaya.

"Mai tashi daga ƙasa da tafi yake dafawa," ta ce. "Wannan ba ta iya ba. Ta ja jiki zuwa bishiya ta jingina, nan ma ta kasa."

A gindin bishiyar akwai sawu biyu a ware, sun nutse sosai, dunduniya ta fi zurfi, suna fuskantar kututturen.

"Wannan ban gane shi ba," in ji Noelene. "Kamar mai shirin kokawa."

Ni na gane shi. Na ga tsayuwar nan safe da yamma a gefen gadon Glenys.

"Haka nas take tsayawa in za ta ɗaga mutum," na ce.

*

Ran Asabar na je gidan Beryl na ƙwanƙwasa. Motarta tana nan, rediyo yana yi, labule ya motsa. Ba ta buɗe ba. Na zaga gari, na dawo, na sake ƙwanƙwasawa. Na yi magana da ƙofa kamar mahaukaci, na gaya mata abin da muka gani a yashi. Rediyon ya ƙara ƙara.

Noelene ta ce ita ba za ta kira suna ba. "Aikina in faɗi abin da ƙasa ta ce. Matar nan ita ta koya min bambance sawun kyanwa da na yanyawa, ina 'yar shekara tara."

"In ta yi shiru fa?"

"Sai kai ka faɗa. Kai ne ba ka da abokin da za ka rasa."

*

Muna yin shayin ƙungiya a ɗakin taro na bayan laburare, da yamma. Ban taɓa ganin ya cika haka ba, har waɗanda ba su da kyamara sun zo. Warrick ya tsaya a bakin ƙofa da warin ulu a jikinsa, wayarsa a aljihun gaba. Marisol ta zauna a ƙarshen layi, kujera biyu babu kowa a gefenta. Na je na zauna a ɗaya. Beryl ta shigo daga ƙarshe, da jar hoda a kumatu, ta zauna a inda ta saba.

Noelene ta faɗi abin da ta gani tana zagaya tebur, da yankan kek a hannu. Wani ya je shi kaɗai ran Talata, gari a lumshe, don haka ya ɗora fitila a kan kyamara, ga mariƙi a ƙasa. Nauyi biyu ke nan. Ya kwanta yana jiran rana ta leƙo, hannunsa ya saki, kyamara ta faɗa kan karan ta karya shi. Sai ya cije abin da ya rage, ya bar keji a gefe, don a ce kangaru ne. Da an bar wurin haka, da yanzu muna zagin kangaru muna cin kek lafiya. Amma ya kasa tashi. Ya kira wani ya ɗaga shi. Wanda ya zo ɗin ya kai shi mota, ya dawo ɗaukar kaya, ya ga keji a buɗe, ya yi abin da muka koya masa.

"Cizo?" in ji Clive. "Wane mai hankali ne zai ciji fure?"

"Wanda ba ya iya riƙe almakashi."

"To waye?" Warrick ya tambaya. "Ni suna nake so, Noelene, tumaki na jirana."

Noelene ta cusa sauran kek a baki ta zauna. Na dubi Beryl, tana kallon bango inda aka rataye hotunan da suka ci gasa, rabinsu nata ne. Na fara tattara numfashi in yi magana, sai Marisol ta miƙe.

"Ni ce," ta ce. "Mariƙina ne, motata ce. Ka kira su, Mista Warrick."

"Zauna, yarinya, ba ki iya ƙarya ba," in ji Beryl. "Kina yin ta kamar mai ba da magani, da fara'a."

Ta zaro hannayenta daga aljihu ta ɗora a kan tebur. Na yi shekara ban gan su a fili ba, sai a lokacin na lura. Yatsun sun karkace waje guda, gaɓoɓin sun kumbura kamar goro.

"Tun bara ba na iya kama kyamarata, ta yi min ƙanƙanta. Yarinyar nan ta gani, ba ta tambaye ni komai ba, ta kwance mariƙinta ta ɗaura min, don irin kyamararmu ɗaya. Da shi nake tallabe ta, in danna da gefen babban yatsa. Ya yi min daɗi, Clive, ka ji na faɗa, kada ka sa in maimaita." Ta ja numfashi. "Na rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa na faɗi. Maganar furen ba ta sani ba sai da gari ya ɗauka. Karan kuwa ɗaci gare shi, in akwai mai son sani."

"Haba Beryl," in ji Warrick. "Me ya hana ki faɗa tun Laraba? Wa zai kai ki ƙara?"

"Ba ƙararka nake tsoro ba, kai da na share wa majina. Matarka za ta gaya wa 'yar'uwarta, ita kuma ta kira Graeme kafin a kwashe kofunan nan. Tsohuwa ta kwanta a daji rabin yini ta kasa tashi. Ran Juma'a zai iso da kwalayen kwashe min kaya." Ta juya wajen Marisol. "Na yi ta gaya wa kaina tara ce kawai za su ci ki, in biya a ɓoye. Na san ba haka ba ne. Na so gidana fiye da ke, har zuwa ɗazun nan. Ba zan ce ki yafe ba."

Warrick ya taɓa wayar da ke aljihunsa, ya sauke hannu. "Kangaru ne," ya ce wa ɗakin. "Haka zan ce in an tambaye ni." Ya fita.

Ba wanda ya ba Marisol haƙuri. A Mullagin ba ma yin haka, muna miƙa faranti ne. Mata biyu suka taso a tare da kek, Clive kuma ya ce in tana so zai nuna mata yadda ake yanka robar yogot. Matar Warrick tana can wajen taga, ta ba mu baya, waya a kunne.

Marisol ta zaga ta ɗauki kofin Beryl, ta juya hannunsa waje, ta sa mata shi tsakanin tafukanta biyu, ta riƙe har ya zauna. Beryl ta kurɓa.

"Ɗakin nan naku na ƙarshe a gidan tsofaffi," ta ce, "mai tagar da ke kallon daji. Da mutum a ciki?"

"Akwai, Madam Beryl."

"Yaya jikinsa?"

"Ba na maganar marasa lafiyata."

"Na sani," in ji Beryl. "Ki dai riƙe min ɗakin."